Unguwar da Ba a Mayar da Kwano

Ranar da Rilwanu ya zo Babban Duhu da maganar sayen gida a birnin Katsina, ya zo da takalmi sau-ciki da kuma dogon bayani. Ya zauna gaban mahaifiyarsa, Inna Turai, ya tanƙwashe ƙafa kamar mutumin kirki. Ya ce zaman ƙauye ya ƙare, ɓarayin daji sun hana noma sun hana barci, shanunta da ke turke gara a sayar a zuba a gini kafin wasu su zo su kora su a banza. Ba ƙarya ya yi ba, don ko a makon nan an kore garken wani a Zakka. Sai dai abin da ya ƙara wa maganar zaƙi a bakinsa shi ne, shi ma'aikacin ofis ne a Katsina, zaman haya ya ishe shi, matarsa Mubina kuma ta ishe shi da maganar zaman hayar.

Inna Turai ta dubi shanun, ta dubi ɗanta.

"Na ji, Auta. A saida su. Amma da sharaɗi guda. Kai ka duba gini, ni in duba maƙwabta."

"Ai wannan mai sauƙi ne, Inna," in ji shi, har da dariya.

Ni da nake ba ku labarin nan, darni ɗaya ya raba gidanmu da nata ta gabas. Ta yamma kuma gidan Iya Deborah ne, ƙawarta tun suna amare. Abin da ban gani da idona ba daga bakin Inna Turai na ji shi. Ita kuwa ba ta rage labari, sai dai ta ƙara masa gishiri, amma na tace iyakar iyawata.

Dillalin da ya zagaya da su sunansa Sadisu. Gidan farko da ya nuna musu yana cikin birni, a wani lungu kusa da Ƙofar 'Yanɗaka, inda motocin Batsari ke sauke mutane. Tsohon gida ne mai soro, an yi masa kwaskwarima da siminti. Kwata ta ratsa tsakiyar lungun, yara sun cika shi da ihu, wata akuya ta kwanta a dokin ƙofa kamar ita ta gaji gidan. Mubina ta toshe hanci da gyale tun daga bakin titi. Shi kansa Sadisu bai wani zage wajen yabon gidan ba, don la'adarsa a nan ba ta taka kara ta karya ba.

Suna cikin ƙwanƙwasa bango suna leƙa rufi, sai aka nemi Inna aka rasa.

Abin da ta tafi yi, duk matar da ta tashi a wajenmu ta san shi. Gidan da ke jikin wannan ta shiga, ta yi sallama, ta ce a sam mata wuta, alhali ko tukunya ba ta ɗora ba. Haka muke auna mutane. Akwai wadda za ta miƙo miki garwashi a kasko tana tsaye, fuska a ɗaure. Akwai wadda za ta ce ki zauna ki sha ruwa tukuna, wutar ba guduwa za ta yi ba.

Sai da Rilwanu ya fara tsorata sannan ta fito, da jaririn wata goye a bayanta, bakinta yana ƙyallin man ƙosai. A ɗan zaman nan ta san mai gidan yana fama da ciwon gwiwa, ta faɗa musu saiwar da za a jiƙa masa, an kuma gayyace ta suna ranar Juma'a.

"Auta, an gama. Nan za mu zamna."

"Bari dai mu ga ɗayan, Inna."

Ɗayan yana can bayan gari, a sabuwar unguwa. Tun daga bakin layi akwai ƙarfe da masu gadi. Katangu sun yi tsawon da ko raƙumi ba zai leƙa ba, an naɗe kawunansu da waya mai ƙaya. Babu yaro, babu akuya, babu ko mai tallan gyaɗa. A nan bakin Sadisu ya buɗe.

"Alhaji, wannan ita ce unguwa! Ba ruwan kowa da kowa. Wallahi sai ka shekara ba ka ga maƙwabcinka ba."

Yabo yake yi, kuma a yabo Rilwanu da Mubina suka karɓa. Inna Turai dai ta ja zanenta ta nufi get ɗin da ke kusa, ta buga. Kare ne ya fara amsa mata. Can sai wata 'yar taga ta buɗe a jikin ƙarfen, ido ɗaya ya leƙo.

"Wa kike nema?"

"Sannu ɗan nan, ina wuni? Wuta na zo ɗiba."

"Hajiya ba ta nan. Kuma da gas ake girki."

Tagar ta rufe kafin ta kai ga tambayarsa ina gajiya. Da suka shiga mota ta faɗi hukuncinta a taƙaice, ta ce na cikin gari. Rilwanu ya ce za a duba. Abin da bai faɗa ba shi ne, tun kafin ya je ɗauko ta ya riga ya ba da kafin alƙalami a kan wannan.

Da ta gane, hujjoji suka zubo kamar an kwance buhu. Cikin gari ba tsaro. Yara za su koyi zagi. Kwata tana kawo sauro. Mutanen lungu sa-ido gare su, ko nama ka sayo sai an ƙirga tsoka. Gida a sabuwar unguwa kullum darajarsa hawa take. Kuma ai duk don ita ake yi, ta sha wahala a rayuwa, lokaci ya yi da za ta huta. Ban san me ya sa ba, duk wanda zai cuci tsoho da maganar hutu yake farawa.

Aka tare. Inna Turai ta samu ɗaki can ta baya, jikin katanga, kusa da rumfar janareto. Ɗakin ba laifi, har da fanka. Kajinta an ce za su ɓata tsakar gida, sai ta bar wa Iya Deborah su. Turminta an yarda ya zo, amma ba a yarda a yi daka ba, wai ƙarar za ta dami mutane. Janareton da ke ruri a kunnenta shi ba ya damun kowa.

Duk da haka ba ta karaya ba. Ta ce mai yiwuwa ranar nan ta zo a kan gaɓa ce mara kyau. Baƙo shi ke fara miƙa hannu, don haka ta hura kurfoti ta yi dambu da zogale, ya sha ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, irin wanda in ta yi a ƙauye har mai wucewa sai ya ƙirƙiro dalilin sallama. Ta ciro kwanukanta na aure, na langa masu murfi da ta adana tun tana yarinya, ta zuba, ta bi gidajen layin ɗaya bayan ɗaya tana miƙa wa masu gadi.

A wajenmu kwano ba ya kwana a gidan da aka kai shi, kuma ba ya dawowa fanko. Ko gyaɗa ce, ko ɗan kubewa busasshe, sai an sako. Tsakanin Inna Turai da Iya Deborah akwai wani kwano da ya yi shekaru yana tsallaka darni, da Sallah ya tafi da nama, da Kirsimeti ya dawo da shinkafa, har su biyun suka manta ko na waye. Saboda haka ta dawo ta shimfiɗa tabarma kusa da get tana jiran kwanukanta, tana ta lissafin abin da za ta ce wa matan idan sun shigo.

Ta jira ranar. Ta jira washegari. Kwanuka suka ce sun ga wurin zama.

Ɗaya kawai ta sake gani. Wata rana ta fita tana 'yan dube-dube, ta sunkuya ta leƙa ta ƙarƙashin get ɗin gidan da ta fara bugawa, sai ga langarta mai furen ja a ƙasa, kare yana shan ruwa a ciki. Ta ce min ta daɗe a sunkuye tana kallonsa.

"Na ce to alhamdu lillahi, ko ba komi shi ya amshi maƙwabtaka."

Tana faɗa tana dariya, amma kwanon nan mahaifiyarta ce ta saya mata.

Ba a jima ba wata Hajiya ta tsayar da mota a ƙofar gidan, daidai lokacin da Mubina ke fitowa. Ta sauke gilashi kaɗan, iyakar yadda magana za ta fita sanyi bai fita ba.

"Don Allah ki ja wa tsohuwar nan mai aikinku kunne. Ta daina bin gidaje da tallan abinci, ba a yin haka a nan."

"Ki yi haƙuri, Hajiya," in ji Mubina. "Kin san mutanen ƙauye."

Inna Turai tana bayan get, a kan tabarmarta, ta ji komai. Ta jira Mubina ta ƙara da cewa ai uwar mai gidan ce. Mubina ba ta ƙara ba. Da yamma ta faɗa wa ɗanta, ya sosa ƙeya ya ce ai Hajiyar ba ta san ta ba ne, kuma ba girman mutum ba ne ya tsaya gyara wa kowa magana. Washegari ya sayo kwaɗo ya sa wa ƙaramar ƙofar get. Ya ce birni ba kamar ƙauye ba ne, kada ta fita ta ɓace.

Daga nan kwanakinta suka fara tsawo. Mace ce da kan gaisa da mutum hamsin kafin rana ta take, yanzu gaisuwa ta taru mata a baki ba wanda za ta ba. Ta fara saukewa a kan mai kwashe shara. Ta cikin ƙarfe take tare shi, ta tambayi kwanansa, da gajiyarsa, da iyalinsa, da mutanen garinsu, da yadda damina ta yi musu, har bawan Allah ya koma zuwa da sanɗa yana ɗaukar bola kamar mai sata. Akwai wani ƙadangare jan gwada da ke hawa katanga da hantsi, shi ma ya sha gaisuwa. Shi aƙalla yana gyaɗa kai.

Tana da 'yar waya da muke kiranta, sai Rilwanu ya cire layin. Ya ce yanzu ba a san na kirki ba, masu kai wa ɓarayi rahoto ta waya suke gano inda mutum yake. Mutanenmu da suka shiga Katsina suka ce bari su biya su gaishe ta, masu gadin bakin layi suka mayar da su. Daga baya muka ji shi da kansa ya ce kada a bar kowa daga wajen Batsari ko Safana ya shigo sai an kira shi, kuma in an kira shi yana mitin. Yaron da aka yi wa wankan jego da ruwan rijiyarmu, yau sunan garinmu ne abin tsoro a bakinsa.

Sai kuma maganar abinci. Inna ba ta iya cin taliya da kayan gwangwani ba, takan taɓa ta ture. Mubina ta ce to don a kyautata mata, gara a riƙa ba ta ɗanye ta dafa abin da ranta ke so. Aka kai mata gero da masara da mai da su kuka, aka jibge a ɗakin. Wannan kyautatawar ita ta yanke dalili na ƙarshe da zai kai wani ƙofarta. Jikoki suna makaranta, in sun dawo suna lesin, in sun gama suna gaban talabijin, kuma an hana su zuwa baya saboda hayaƙi. Rilwanu kuwa ya samo gaisuwa ta zamani. In ya tada mota da safe sai ya danna hon sau ɗaya, ya leƙo da kai ya ce, "Inna, mun fita!" Kafin ta lalubo takalmi get ya rufe.

Ƙafafunta suka kumbura saboda zama. Ta rame, ta daina tsefe kai. Ya kai ta asibiti aka ce hawan jini ne, a rage mata tunani. A hanyar dawowa ya saya mata rediyo mai aiki da hasken rana, ya ce ga abokin hira nan. Ya faɗa wa abokansa a ofis, suka ce Allah Ya yi masa albarka, ba kowane ɗa ke riƙe uwa haka ba.

Ana nan, sai ta lura da wani tari. Daga bayan katangarta yake fitowa, kullum da hantsi, tarin tsoho mai nauyi. Ranar farko ta yi shiru. Rana ta biyu bakinta ya riga ta.

"Sannu!"

Sai wata murya ta ce, "Yawwa. Wa ke nan?"

"Baƙuwa ce. Turai, daga Babban Duhu."

"Babban Duhu ta Safana? Ikon Allah! Ni Jinjiri ne, mutumen Ruma. Ɗiyana suka kawo ni in huta."

"Kai ma hutun ne?"

"Shi ne hwa. Har na gaji da shi."

Ta ce rabon da ta yi dariya irin ta ranar har ta manta. Ashe ta bayan kowace katanga an ajiye wani yana hutawa. Daga ranar suka samu abin yi. Ita ta jawo turminta ta kifa ta zauna a kai, shi ma ya jawo abin da yake zama ta can, su yi ta ɗaga murya saboda janareto. Su yi gardamar gero da dawa, su ƙirga mutanen da suka sani a kasuwar Batsari, wanda ya mutu da wanda aka ɗauke da wanda aka sako. In hadari ya haɗu sai ya ce, "Turai, kin ga gabas? Yau da muna gida da an yi shuka." Ba ta taɓa ganin fuskarsa ba, ba ta san ko dogo ne ko gajere ba. Amma ta koma tsefe kanta, ƙafar ma ta ɗan saɓe.

Wata safiya ba a yi tari ba. Ta ce sannu, shiru. Ta ɗauki muciya ta bubbuga katanga, shiru. Washegari ma haka. Ranar ta tsaya a gaban mota tun kafin a danna hon.

"Auta, ka shiga gidan nan na baya ka dubo mani Malam Jinjiri. Kwana biyu ban ji shi ba."

"Wane ne kuma Malam Jinjiri?"

"Maƙwabcinka."

"Inna, nan fa ba a shiga harkar mutane. Wataƙila sun yi tafiya. Matsa kada in makara."

Sai bayan kwanaki ya zo har ƙofarta, abin da ya daɗe bai yi ba, riƙe da waya. Ya ce ashe tsohon nan rasuwa ya yi, an sanar a zauren unguwa na waya, har an yi uku. Ya juyo mata fuskar wayar ta gani. Sunaye ne a jere, kowane da ɗan hoton hannu biyu a ɗage.

"Kin gani, ga nawa nan. Mun yi ta'aziyya."

"Wannan ce ta'aziyyar?"

"Haka ake yi yanzu, kowa yana da uzuri."

"Wa ya yi mashi wanka?"

"An ce an ɗauko wasu daga wani masallaci."

"Wa ya ɗauki makara?"

"Mota ce ta kai shi, Inna."

Ta zauna a bakin gado. Mutum ya mutu a jikin katangarta, taku kaɗan daga inda take kwana, an wanke shi an fitar an rufe, ita tana ta buga bango da muciya. A garinmu in aka yi rasuwa, kafin kukan farko ya sauka mata sun ɗora ruwa, maza sun ɗauki diga, ko a ranar an yi artabu da ɓarayi. Ta ce a lokacin ne tsoro ya kama ta, irin wanda ko ƙarar bindiga ba ta taɓa sa mata ba.

"Auta, in na mutu nan, wa za ya wanke ni?"

"Haba Inna! Ki daina irin wannan magana."

"Ka maida ni gida."

Nan ma buhun ya kwance. Me mutane za su ce, a ji ya mayar da uwarsa bakin ɓarayi? Ina zai sa fuskarsa a ofis? Me ta rasa, abinci ko magani? Mubina ta leƙo ta ce wasu tsofaffin suna can a makarantun firamare suna gudun hijira, da za su samu rabin ɗakin nan da sun yi ta godiya. Rilwanu ya rufe da cewa, "Kuma ai gidanki ne, Inna. Da shanunki aka saya." Wannan ita ce gaskiya ɗaya da ya faɗa ranar, kuma ita ta fi ciwo. Ni dai har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Inna Turai ba ta ƙara tada maganar ba, suka ɗauka ta haƙura. Ba su san ta ba.

Ranar da motar ruwa ta zo cika tanki, aka wangale babban get don tiyo ya shiga. Rilwanu yana ofis, Mubina tana ciki tana waya. Inna ta ɗora rediyonta a kan taga inda rana ke bugawa, ta kunna, ta ƙara murya. Ta jera tsofaffin silifas ɗinta a bakin ƙofa, ta saki labule, ta ja ƙofar. Ta ƙulla 'yan tsummokaranta a ɗankwali, ta tsallake tiyo ta fita. Masu gadin bakin layi suna kallonta ba wanda ya ce kanzil, mai aikin wani gida ce za ta cefane. Ta ce tunda ta zo unguwar, ranar ce kawai halinsu na ba-ruwana ya yi mata rana.

Da ɗan canjin da ke ƙulle a bakin zanenta ta hau Napep zuwa Ƙofar 'Yanɗaka. Kafin ta nemi mota sai da ta biya lungun nan. Matan gidan suka gane ta tun daga soro, suka hau ta da faɗan ƙin zuwa suna, suka ajiye mata tuwo. Mai ciwon gwiwa, wanda saiwar ta yi wa amfani, shi ya taka da ƙafarsa ya sa ta a motar Batsari. Daga Batsari ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ita.

Kafin ta sauka daga babur labari ya zaga gari. Iya Deborah ta fito da gudu da ludayi a hannu, suka rungume juna suna kuka suna zagin juna. Kada wani ya ɗauka Aljanna ta dawo. Rabin gidajen garinmu ba kowa, gonakin nesa sun zama daji, kuma akwai ranakun da muke kwana da takalmi a ƙafa. Ta san duk wannan. Ta share ɗakinta, ta karɓi kajinta da suka ninka, ta ce a bar ta ta ji da tsoron da ta saba da shi.

Muka zuba ido muna jiran Rilwanu ya iso a rikice, ko ya kira. Ranar kasuwa ta zo ta wuce. Juma'a ta zo ta wuce. Shiru.

Wata rana da hantsi muna zaune gindin itacen bedi muna ɓarar gyaɗa, mata sun kai goma, sai Iya Deborah ta ce, "Ke, kira mani yaron nan in gaishe shi." Ta kashe min ido. Na kira, na sa yadda kowa zai ji, na ajiye wayar a kan faifai. Inna Turai tana gefe, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Rilwanu, Deborah ce. Kana lahiya? Ina gajiya? Ya iyali, ya aiki?"

"Lafiya lau, Iya. Ya mutanen gida? Ya ƙarin haƙuri da abubuwan da ke faruwa?"

"Da godiya. Ya Innarka?"

"Lafiyarta ƙalau. Da safen nan ma na gaishe ta kafin in fita, na dawo ɗaukar takarda yanzu ina jin rediyonta."

Wata ta cusa gyale a baki. Wata ta kifa kai a cinyar ta kusa da ita.

"Madalla. Tana cin abinci dai?"

"Sosai, Iya. Har ƙiba ta yi. Hankalinta ya kwanta, ta ma daina maganar ƙauye."

"Kai, Allah Shi yi maka albarka. Ba ni ita mu gaisa mana."

"Ai ta ɗan kishingiɗa ne, kada in tashe ta. In ta farka zan faɗa mata."

A nan Inna Turai ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga cinyarta, ta sunkuyo kan faifan.

"Auta."

Ta ƙara matso da bakinta kusa da wayar.

"Auta, in ta tashi ka gaishe mani da ita."

Muka ji abu ya faɗi. Muka ji gudu, takalmi yana dukan siminti, yana kiran Inna, Inna. Muka ji an banko ƙofa. Sai ga muryar rediyo tangaran ta cikin waya, wani yana karanta gaishe-gaishen masu saurare. Dariyar da mata ke dannewa ta ƙwace, har da masu buga ƙasa.

"Inna! Kina ina? Tun yaushe? Wa ya fitar da ke?"

"Kada ka damu kanka," in ji ta, a hankali. "Ka ci gaba da riƙon ta yadda ka saba, tunda har ƙiba ta yi. In Allah Ya yi mata cikawa, ka bugo mu taho da mata mu yi mata wanka. Na san unguwarku ba mai zuwa."

Ta miƙo min wayar, na kashe. Ba wadda ta ƙara dariya. Ta jawo gyaɗa ta ci gaba da ɓara, amma ƙwaya tana zubewa ƙasa, hawaye yana bin kuncinta ba ta share ba. Ɗan da ta goya ne, ta sayar da duk abin da ta mallaka ta bi shi, ya kasa bambanta ta da rediyo.

Wayar ta hau ƙara a hannuna. Ta katse, ta sake ɗaukar ƙara. Ta katse, ta sake. Na ce, "Inna, shi ne fa. In ɗauka?"

Ba ta dube ni ba.

"Bar shi ya yi ta bugawa," ta ce. "Shi ma ya ji yadda ake kira ba a amsawa."